Ƙasar da Muka Shimfiɗa a Bayan Lakwal

Ina shekara ta huɗu a lakwal ɗin Gure, wato makarantar boko, aka kawo mana sabon mushe, haka muke kiran malamin makaranta. Cikin shekarun alif ɗari tara da talatin ne, zamanin da mota ba ta cika zuwa garinmu ba, wasiƙun bariki ma a bayan raƙumi suke isowa daga Damagaram. Lakwal ɗin ɗaki biyu ne na ƙasa mai rufin azara, can gefen bariki, bayansa kuma fili ne na rairayi wanda ya miƙe har shingen wata gona, bayan gonar sai tudu. Mu ƴan babban aji ba mu kai ashirin ba, kuma da wuya ka sami wanda iyayensa suka kawo shi don suna so. Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, shi ne ya nemi yara wurin masu gari, masu gari suka bi gida-gida. Akwai Mangawa irina, masu yin Barbarci a gida da Hausa a kasuwa. Akwai ƴaƴan Fulani makiyaya, da ƴaƴan fatake Hausawa, da Buzaye biyu daga wajen Alakos waɗanda ba sa magana da kowa sai junansu.

Kafin zuwansa, lissafi a wurinmu waƙa ne. Mukan rera biyu sau biyu har zuwa tara sau tara da Faransanci, muna kaɗa kai, mu kuma rera sunayen kogunan Faransa, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwa mai gudu ba sai na damina a kwazazzabo. Mun haddace sosai. Amma da a ce wani ya tsayar da ni a hanya ya ce wannan karatu na mene ne, da ban sami abin gaya masa ba.

Sabon mushe mutumin Dahome ne, dogo siriri, yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba Musulmi ba ne, don haka mutanen gari suna gaishe shi daga nesa. Hausarsa a Damagaram ya tsince ta, ya kuma tsince ta a karkace, yakan ce wa mace "kai" ya ce wa namiji "ke". A cikin aji Faransanci ne dole, amma shi idan muka fita waje sai ya yi kamar bai ji muna yarenmu ba.

Wata rana da safe, bayan an gama yankan gero, ya shigo bai taɓa alli ba. Ya zauna a bakin tebur ya ce, "Daga nan zuwa Gidigir kwana nawa ne?"

Wani ɗan fatake ya ce kwana biyu. Na ce uku ne, don na taɓa bin babana can da kayan albasa. Wani yaro Bafillace ya ce mu duka ba mu san hanya ba, kwana huɗu ne cur. Gardama ta kaure, kowa yana rantsuwa da abin da idonsa ya gani. Mushe ya bar mu muka yi ta yi har muka gaji, sannan ya tambayi kowa da me ya yi tafiyar. Na farko a kan raƙumi. Ni da jakuna. Bafillacen kuwa yana bayan shanu, suna tafe suna kiwo.

"To wa ya yi ƙarya?" in ji shi.

Babu wanda ya yi ƙarya, Gidigir kuma ba ta motsa daga inda take ba. Ya ce tun da haka ne, sai mu zaɓi dabba ɗaya mu auna duk ƙasar da ita. Muka zaɓi raƙumi. Daga nan ya shiga jefo mana tambayoyi. Idan shanu suka yi kwana goma kafin su kai wata rijiya, raƙumi zai yi nawa? Idan jaki ya yi tara fa? Na tuna yadda na sunkuya a kan allona ina lissafin na jaki, na ga ukun jaki biyun raƙumi ne, tara kuma uku ce sau uku, sai shida ta fito da kanta. Na ɗaga kai na duba ko wani ya ga abin da ya faru da ni. Waƙar nan da muka daɗe muna rerawa ce ta yi mini aiki a karon farko.

Da za a tashi ya ba mu aikin gida wanda ba a taɓa ba mu irinsa ba. Kowa ya je ya tambayi babansa, ko kawunsa, ko duk wani babba a gida: ina da ina ka taɓa zuwa, ta wace fuska, kwana nawa, da wace dabba, me ka kai, me ka kawo.

Abin bai tafi sumul ba. Babana ya amsa mini, amma sai da ya dube ni tukuna na ɗan lokaci. Mahaifin yaron nan Bafillace kuwa cewa ya yi atafau ba za a ji sunan rijiya ko ɗaya daga bakinsa ba, Nasara ne suke son sanin inda shanu ke shan ruwa don su je su ƙirga su saboda jangali. Ba shi kaɗai ya yi wannan zato ba, kuma a wancan zamani ba wauta ba ce. Ranar kasuwa mushe ya tafi da kansa wajen turken dabbobi, ya nemi mutumin, ya tsuguna gabansa da wandonsa fari a cikin kashin awaki. Muna biye da shi. Ya ce da karkatacciyar Hausarsa, "Baba, ba takarda. A rairayi za mu yi. Iska ta zo, ta share." Mutumin ya yi dariyar Hausar kafin ya yi tunanin maganar. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma bayan kwana biyu ɗansa ya zo da sunayen rijiyoyi a ka, a jere tun daga bayan gari har can arewa inda ciyawa ke ƙarewa.

Muka share filin bayan lakwal. Mushe ya sa aka turo wani baƙin dutse aka ajiye a tsakiya, ya ce wannan ita ce Gure. Gabas ba ta ba mu wahala ba, kowa ya san inda yake fuskanta idan zai yi salla, mushe kuma ya tabbatar da ita da inuwar wani itace da ya kafa. Sannan ya fito da sanda mai tsawon gaba ɗaya, wato daga yatsun hannun dama zuwa na hagu idan babba ya buɗe hannuwansa. Ya ce wannan sanda kwana ɗaya ce ta raƙumi. Da muka fara cin karo da tafiyar da ba ta cika kwana ba, sai ya ba mu wuƙa muka yi wa sandar tsaga a rabi, da sulusi, da rubu'i. Ta haka muka koyi haɗa rabi da sulusi, a durƙushe, gwiwoyinmu cikin rairayi.

Duwatsun Muniyo na yankinmu muka yi su da tsakuwa. Kowace rijiya ƙwallon goriba ce. Kwarurrukan da ake garka, wato lambu, a cikinsu, irin namu, muka kafa musu ganyen dabino, waɗanda ake kwasar kanwa kuma muka barbaɗa musu kanwar kanta. Hanyoyi da toka muka ja su. Tabkin Cadi wani tsohon zane ne mai shuni da mahaifiyar wani yaro ta ba mu, muka danne gefunansa da duwatsu. Kowace safiya sai mun gyara ɓarnar da awaki suka yi, har muka tsara wanda zai riƙa kora su.

Akwai ranar da ba na mantawa. Muna son mu sa Nguru, garin da ake ta labarin jirgin ƙasa ya iso, amma ba wanda ya iya nuna fuskarta daidai. Abin da muke da shi kawai, kawun wani ya faɗi kwanakin da yake yi daga Gure, wani bafatake kuma ya faɗi nasa daga Damagaram. Mushe ya kawo igiya biyu. Muka auna ta farko da sanda daidai kwanakin kawun, muka ɗaura bakinta a dutsen Gure, wani yaro ya ja ɗaya bakin ya zagaya yana zana layi da ƙafa. Muka yi haka da ta biyu daga dutsen Damagaram. Layukan suka haɗu a wuri biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu.

"Wanne ne?" in ji mushe.

Kowa ya san ba a zuwa Nguru ta arewa. Muka ajiye dutse a na kudu. Sai wani yaro ya tuna kakansa ya gaya masa kwanakin da ake yi daga Maine zuwa Nguru. Mushe ya ce mu gwada. Muka auna igiya ta uku, muka ja ta daga dutsen Maine, bakinta ya zo ya kwanta kusa da dutsen da muka ajiye, saura bai fi tafin hannu ba. Mutum uku ne da ba su san juna ba, kowa da raƙuminsa da shekarar da ya yi tafiyarsa, ga shi maganarsu ta zo ta haɗu a wuri ɗaya a bayan lakwal ɗinmu. Mushe kansa ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake duba igiyar.

Da ƙasar ta cika, sai ya sa muka shiga cikinta. Kowa ya je ya tsaya inda mutanensa suke, ya faɗi abin da suke ci, da abin da suke sayarwa, da yadda suke gaisuwa. Ya ba wani kanwa ya ce ya bi toka ya kai ta kudu, ya dawo da goro da tufafi. Ya ba wani gero ya kai arewa, ya dawo da gishiri da dabinon Kawar. Yaran Fulani suka zama shanu, idan ya ce damina su yi arewa, idan ya ce rani su gangaro kudu zuwa bakin kwarurruka. Daga nan sai tambayoyi. Me ya sa kasuwa ta zauna a nan ba a can ba? Me zai sami mai garka idan makiyayi bai gangaro ba, wa zai ba shi taki da nono? Me zai sami makiyayi idan geron mai gona bai yi ba? Ba ya ba da amsa. Yakan tsaya a gefe da hannuwa a baya, mu ne muke ta kai da kawowa har mu gano cewa hanyoyin toka duk a bakin ruwa suke haɗuwa.

Ranar da aka zo kan Alakos ne muka fara jin muryar babban cikin Buzayen nan biyu. Ya tsaya a kan ƙwallayen goribarsa, ya fara a hankali, sai magana ta ɓalle masa. Ya gaya mana yadda ake gane rijiya daga nesa ta hanyar tashin tsuntsaye, da yadda ake shayar da raƙuma kafin doguwar tafiya. Shekara ta huɗu ke nan muna zaune da shi a benci ɗaya ba mu san yana da wannan duka a cikinsa ba.

Labari ya bazu a gari, manya suka fara ratsowa ta wurin, wai hanya ce ta biyo da su. Sukan tsaya a gefe, wani ya nuna da sanda ya ce a matsar da rijiya kaza yamma kaɗan, a matsar. Mata dai ba sa zuwa, sai kakata.

Kakata, mahaifiyar babana, tsohuwa ce ƙarama mai ƙarfin jiki, ita ke kai albasa da rogon garkarmu kasuwa, amma Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Mijinta, kakana, ya tafi Makka a ƙasa tun babana yana saurayi, bai dawo ba. Sau ɗaya aka taɓa jin labarinsa, wani alhaji da ya dawo ya ce ya gan shi a bakin kogin Nilu yana aikin gona don ya tara guzurin ƙarasawa. Daga wannan ba a sake jin komai ba. Ba ta sake aure ba, kuma ba ta cika maganarsa ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar sakaliya, tana dawowa da ƙwaryarta babu kaya, sai na gan ta tsaye a bakin filin. Kunya ta kama ni, na yi kamar zan ɓuya a bayan wani. Ta kira ni da Barbarci, ta ce in nuna mata gidanmu. Na nuna mata baƙin dutsen. Na nuna mata ganyen dabinon kwarinmu, da Damagaram, da zanen shuni. Ta dubi komai a tsanake. Sannan ta ce, "Tambayi malaminku, ina Makka a nan?"

Na juya maganar zuwa Faransanci. Mushe ya zo ya rusuna ya gaishe ta. Ya ce, "Gaya wa Iya, ba ta cikin filin nan. Amma idan za ta jira, yaranta za su nemo mata."

Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani littafi mai hotunan ƙasashe, ya auna da zare, ya gaya mana nisan Makka da kilomita. Nisan Damagaram da kilomita mun riga mun sani, mun kuma san kwanakin raƙumi zuwa can. Ya ce to, ku nemo abin da raƙumi ke yi a kwana ɗaya, sannan ku raba. Muka zube a ƙasa da allunanmu. Ban taɓa yin rabawa mai tsawon wannan ba, ga kakata zaune a kan ƙwaryarta tana jira. Wasu suka kuskure suka sake. Da amsoshin suka daidaita, abin ya kama sanda ɗari, ko da ɗan kai. Mushe ya ce in gaya mata wannan tafiyar tsuntsu ce, miƙaƙƙiya, ta mutum kuwa ta fi haka nesa, ga tsayawa neman abinci da jiran ayari.

Muka ɗauki sandar muka fara aunawa daga baƙin dutsen, gabas da ɗan karkata arewa. Yara biyu suna kwantar da ita suna ɗagawa, sauran muna ƙirgawa da baki ɗaya. Muka wuce zanen shuni, wanda a wurinmu shi ne ƙarshen duniya. Muka kai shingen ƙaya, aka buɗe mana hanya, muka shiga gonar da aka yanke geronta. Mushe yana tafe da littafinsa, lokaci-lokaci ya ce a tsaya, nan ce Wadai, a sa dutse. Can gaba ya ce nan ce Darfur. Kakata tana biye da mu, tana taka kututturan kara da ƙafa babu takalmi. Wasu maza da ke dawowa daga kasuwa suka ga jerin gwanon suka biyo baya.

Gona ta ƙare, muka fara hawan tudu. A tsakiyar hawan mushe ya ce a tsaya, ya ja dogon layi da dugadugansa daga kudu zuwa arewa. Ya ce wannan shi ne Nilu.

Na gaya wa kakata. Ta zo ta tsaya a bakin layin, ta juya ta dubi baya. Daga nan ana hango filin duka, da farar toka, da ɗigon shuni, da ƴan ƙaramin aji da suka taru a gefe. Baƙin dutsen Gure da kyar ake ganinsa. Duk ƙasar da muka yi makonni muna shimfiɗawa, wadda iyayenmu suka ƙare ƙarfinsu suna yawo a cikinta, ta koma kamar tabarma ɗaya a can ƙasa.

"Duk wannan ya taka," in ji ta. Ba tambaya take yi ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in tambaya nawa ya rage masa. Wannan ban jira mushe ba, na lissafa a kaina, na ce mata kashi uku ya yi cikin huɗu, saura ɗaya.

"Ashe ya kusa," in ji ta.

Ta tsallake layin. Muka ci gaba da aunawa, yanzu ba mai ɗaga murya wajen ƙirga. Kusa da ƙarshe mushe ya sake jan layi ya ce Bahar Maliya ce, bayan ƴan sanduna kaɗan kuma muka kai kan tudun, sandar ƙarshe ta kwanta kusa da wata tumfafiya. Kakata ta zauna a wurin, ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannuwa. Mazan da suka biyo mu suka tsuguna suka shafa tare da ita. Mushe ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji, ya koma gefe ya tsaya.

Da ta gama ta goge fuska da bakin zanenta, ta dube shi sosai, kamar yanzu ta fara ganinsa. Ta ce mini, "Shi fa, ina uwarsa take?"

Da na gaya masa sai ya yi ɗan murmushi. Ya juya ya miƙa hannu yamma maso kudu, ya wuce da shi ta kan dutsen Gure, ta kan rufin lakwal, har wajen rijiyar da matan bariki ke ɗiban ruwa. Ya ce wajen can, sanda arba'in ko kusa da haka, a bakin teku. Ya ce shekara uku ke nan bai gan ta ba.

Kakata ta girgiza kai. "Yaro ne ashe," in ji ta, "an raba shi da gida." Wannan ban juya masa ba, ban san yadda zan faɗe ta da Faransanci ba.

Washegari ta ba ni ƙwarya da albasa da dabino da dunƙulen fura ta ce in kai masa. Haka ta riƙa yi duk ranar Jumma'a. Shi kuma idan ya gan ta a kasuwa sai ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mata "kai", ita kuma ta amsa da Barbarci, kowa bai san abin da ɗaya ke faɗi ba, su daɗe suna yi. Matan da ke zaune kusa da ita suka fara kiransa ɗanta, daga baya ma mutanen gari suka daina gaishe shi daga nesa.

Ruwan farko na damina ya wanke tokar, awaki suka cinye ganyen dabinon, mai zanen shuni ta aiko aka mayar mata da abinta. Mushe ya ƙara shekara ɗaya tare da mu, sannan aka ɗauke shi zuwa wani gari a yamma. Ranar tafiyarsa kakata ta rufe ƙwaryarta tun kasuwa ba ta watse ba, ta raka shi har bayan gari inda raƙuman wasiƙa ke tashi, ta ba shi soyayyen gero da dabino a ƙulle cikin tsumma, ta ce in gaya masa ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi.